Kurabiyedes, Girebar Girkawa, Ba Ta Son Ha'inci

 

A wannan mako za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa madafin matan ƙasar Girka, can kudu maso gabashin Turai, maƙwabciyar Turkiyya. Abin da ya jawo haka kuwa wata wasiƙa ce da wata 'yar makarantar sakandare ta aiko mini. Ta ce ta ga hoton wani biskit na Girkawa a cikin littafin girke-girke, fari fat kamar an yi masa wanka da alli, ta yi sha'awarsa ƙwarai. Da aka ba su hutu sai ta roƙi mahaifiyarta kuɗin fulawa da sukari da bota, ta bi abin da littafin ya ce tiryan-tiryan. Amma da ya fito daga wuta sai waɗansu suka zama kamar tsakuwa, waɗanda suka ɗan yi taushi kuwa in an ci sai su bar wani maiƙo manne a ganɗa. Ƙannenta suka yi ta yi mata dariya, mahaifiyarta kuma ta ce ba ta sake ba ta kuɗi ta je ta ɓarnatar. Shi ne ta ke tambaya wai a ina ta yi kuskure.

'Yata, tun ban kai ƙarshen wasiƙarki ba na san inda gizo ke saƙar. Hannunki lafiya lau ya ke, littafin ma bai yi miki ƙarya ba. Abin da ki ka sayo da sunan bota shi ya ci amanarki. Kuma tun da na san ba ke kaɗai ba ce, akwai matan aure da yawa da irin wannan ta taɓa samu suka yi shiru don kunya, sai na ga ya fi kyau in amsa miki a nan kowa ya ji.

Sunan wannan biskit a wurin masu shi kurabiyes, in suna da yawa a ce kurabiyedes. Ku maimaita sunan a hankali, za ku ji kamar kun san shi. Turkawa suna cewa kurabiye, Larabawan Masar da Sham da Sudan suna cewa guraiba, mu kuwa a nan mu ce gireba. Dangi ɗaya ne, kowace ƙasa ta ba shi nata lafazi da nata ɗanɗano, amma tushen bai sake ba, watau gari da mai da sukari a cuɗa a gasa, ba ruwa ba yisti. Girkawa sun zauna ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ta Turkawa fa na ke nufi ba tamu ta Sakkwato ba, na kusan shekara ɗari huɗu kafin su tayar da yaƙin neman 'yanci a 1821, saboda haka ba abin mamaki ba ne in an ga tukunyarsu da ta Turkawa suna kama da juna.

Akwai wani gari a arewacin Girka, kusa da birnin Kavala, ana kiransa Nea Karvali, wanda sunansa ya fita a duk ƙasar saboda kurabiyedes. Mutanen garin asalinsu baƙi ne. A 1923 Girka da Turkiyya suka ƙulla yarjejeniyar musayar jama'a, aka kwashe Kiristoci fiye da miliyan ɗaya daga Turkiyya suka koma Girka, Musulmi kusan dubu 400 kuma suka bar Girka suka koma Turkiyya. Cikin waɗanda abin ya shafa har da mutanen wani gari na yankin Kafadokiya da Girkawa ke kira Karvali, waɗanda suka iso a 1924 suka kafa sabon gari suka sa masa sunan tsohon. Sun baro gidaje da gonaki da kaburburan iyayensu, amma abin da mata suka iya da hannunsu ba wanda ya iya ƙwace shi a kan iyaka. Yau ga shi jikokinsu suna cin abinci da shi, matafiyi in ya bi ta hanyar sai ya tsaya ya sayi kwali ya kai tsaraba gida.

Yaushe a ke yin sa? Galibi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'an nan a wurare da yawa a kan yi shi don biki da kuma ranar da a ke yi wa jariri baftisma, saboda farinsa alamar farin ciki ce a wurinsu. Amma ga inda na ke so ku lura da kyau. Yawancin Girkawa mabiya ɗariƙar Otodoks ne, kuma a ɗariƙar akwai azumin kwana 40 kafin Kirsimeti, wanda a ke farawa ran 15 ga Nuwamba, da wani na kusan mako bakwai kafin Ista. Azuminsu ba irin namu ba ne na kame baki daga asuba zuwa magariba. Su abin da masu riƙo da shi ke bari shi ne nama da ƙwai da madara da duk abin da ya fito daga madara, har da bota. Don haka ne ma su ke da wani biskit ɗin dabam mai suna melomakarona, wanda a ke yi da man zaitun a tsoma a ruwan zuma, shi ana iya cinsa cikin kwanakin azumi. Kurabiyedes kuwa na ranar shan ruwa ne, in mun ari kalmar. Mutumin da ya yi kwana arba'in bai ɗanɗana bota ba, in ya kai wannan biskit baki, ƙamshin botar nan shi ya ke nema. To, ku gaya mini, macen da ta cire botar ta sa wani abu a madadinta, me ta bar wa mai ci?

Haka abin ya ke ga ɗan'uwansa na lokacin Ista, wanda su ke kira kulurakiya. Shi ana murza ƙullun kamar igiya a nannaɗe shi ko a kitsa shi, a shafa ƙwai a kai, waɗansu su barbaɗa riɗi, ya fito ja-ja yana ƙyalli. Mata kan yi shi a makon ƙarshe na azumi, galibi ran Alhamis, yara suna kallo suna haɗiyar yawu, ba mai taɓawa sai an sha ruwa. Shi ma bota ce ransa, amma yau ba a kansa za mu tsaya ba.

Mu koma kan wasiƙar 'yarmu. A ƙasar nan mun saba duk wani abu rawaya da a ke shafa wa burodi sai mu ce masa bota. Alhali kuwa abu biyu ne mabambanta. Bota ta gaskiya daga madarar dabba a ke kaɗo ta, kamar yadda matan Fulani ke kaɗa nono a fitar da mai. Ɗayan kuwa majarin ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Mège-Mouriès ya ƙirƙiro a 1869, lokacin da Sarki Napoleon na Uku ya nemi a samo wa sojoji da talakawa abin da zai maye gurbin bota da araha. A yau da man itatuwa a ke yin sa, kamar manja da aka tace da man waken suya, a sa masa kala da ƙamshi. Ban ce haramun ne ba, ban kuma ce ba shi da amfani ba. Yana da ranarsa. Amma duk wadda za ta sayi abu ta ɗauki minti ɗaya ta karanta jikin takardar, ta san me ta ke biya wa kuɗi. Ku 'yan makaranta wannan aikinku ne, ku riƙa karanta wa iyayenku.

Ga dalilin da ya sa bambancin ya ke da girma a wannan biskit. Bota tana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, a wajen digiri 32 zuwa 35, jikin mutum kuwa 37 ne. Saboda haka da zarar ta hau harshe sai ta narke ta bi yawu. Majarin irin wanda a ke yi don masu gidajen burodi kuwa an shirya shi ne musamman don ya jure zafi kada ya narke a kanti, shi ya sa ba ya gama narkewa a baki, ya bar wannan maiƙon da 'yarmu ta ji a ganɗa. Irin mai laushi na cikin roba kuma, wanda a ke shafa wa burodi, da yawa daga cikinsa ruwa ya yi masa yawa. Ruwa kuwa shi ne babban abokin gaban kurabiyedes. In ruwa ya haɗu da fulawa aka cuɗa, sai ƙullun ya yi danƙo, kamar yadda mu ke so a ƙullun burodi ko na taliya. A nan kuwa danƙo shi ne tsakuwa. Abin da a ke nema shi ne mai ya lulluɓe kowace ƙwayar gari ya hana ta kama 'yar'uwarta, ta yadda in an ciza sai ya wargaje kamar rairayi.

To, wata za ta ce, ai bota ta gaskiya sai manyan kantuna, kuɗinta kuwa sai matar attajiri. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. Tsofaffin matan Girka ba da irin botar nan ta kanti mai zuwa a takarda su ke yin kurabiyedes ba. Ƙasarsu ƙasar duwatsu ce, tumaki da awaki sun fi shanu yawa, saboda haka man da suka gada na madarar tumaki da awaki ne, kuma sau da yawa narkakke ne, an dafa shi an fitar da ruwan an tace. Har yanzu ana sayar da irinsa a kwalba a kantunansu, kuma in Kirsimeti ta matso shi masu son na gargajiya ke nema. Yana da ƙarfin ƙamshi, har baƙo ya kan ɗan yamutsa fuska da farko. Ku duba da kyau, mene ne wannan in ba ɗan'uwan soyayyen man shanunmu ba? Botar kanti kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari ne mai a cikinta, sauran yawanci ruwa ne. Soyayyen man shanu kuwa kusan duka mai ne. Watau abin da Bafulatana ke kawo mana har ƙofar gida cikin ƙwarya, mu na ke gani muna raina shi, ya fi kusa da abin da Bagirkiya ke so a kan abin da mu ke zuwa kanti mu saya muna alfahari.

Wannan ita ce magana ta. Mun ɗauka duk abincin da ya fito daga Turai sai da kayan gwangwani a ke yin sa, har ta kai mace na jin kunyar a ce ta sa man shanu a kek. Ita kanta girebar tamu ta gida, ku ɗanɗana wadda a ke sayarwa a tasha da bakin makaranta, yawanci da man da ya fi araha a ke yin ta, ta koma abin toshe bakin yara. Ban ga laifin mai talla ba, riba ta ke nema kuma masu sayenta ba za su iya biyan fiye da haka ba. Amma ke da za ki yi don baƙin maigida ran Salla, ko don ki sa a cikin kayan garar 'yarki tare da alkaki da dubulan da nakiya, me ya kai ki bin hanyar mai talla? Araha ba ta ado. In kuɗin da ke hannunki na mai ɗin guda talatin ne, to ki yi talatin ɗin na kirki, kada ki yi ɗari da ba mai ƙara hannu. Baƙuwa ba ta ƙirga yawan abin da ke faranti, wanda ta ci shi ta ke tafiya da labarinsa.

Na san akwai masu cewa man shanu yana da ƙarni. Haka ne, in ba a gyara shi ba. Ɗanyen mai yana zuwa da sauran nono a jikinsa, kuma nonon nan ne ke tsami ya yi wari. Ki zuba shi a ƙwarya ko roba ki wanke shi da ruwan sanyi kina matsawa da ludayi kina zubarwa, sau uku ko huɗu, har ruwan ya fito garau. Sa'an nan ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Zai yi kumfa yana tsartsatsi, wannan ruwan ne ke fita. In ya yi shiru, ki ka ga gutsattsarin ƙasan tukunya sun fara ja, ƙamshi ya tashi, sai ki sauke ki tace da tsumma mai tsabta. A wajen suyar nan ne kuma za ki gane ko an yi miki algus, domin man da aka cuɗa da wani abu ya kan bar tuli a ƙasan tukunya, abin da ki ka samu bai kai rabin abin da ki ka saya ba. Ki nemi wadda ki ka amince da ita ki riƙe ta.

Amma don Allah kada ki sa albasa. Na faɗi haka ne don ni ta taɓa ci da ni. Ranar da na fara gwadawa, sunan ɗan ƙanwata ne, na ɗora mai a wuta, hannu ya riga hankali na yanka albasa na jefa kamar yadda na saba in za a ci tuwo da miyar kuka. Ban tuna ba sai da biskit ya fito, ga shi fari kyakkyawa, ga warin albasa har tsakar gida. Surukar ƙanwata ta ci ɗaya ta ce, Hajiya, wannan da miya a ke ci ne? Har yau in mun haɗu a biki sai an tayar da zancen.

Wadda ƙamshin ya yi wa ƙarfi duk da haka, ta raba biyu, rabi man shanu rabi botar kanti ta gaskiya. Girkawan ma da yawa haka su ke yi, su haɗa na tumaki da na shanu.

Akwai kuma masu kawo maganar lafiya, su ce ai likitoci sun hana cin mai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba zan yi wasa da ita ba. Kurabiyedes mai ne da sukari, mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya ya bi abin da likitansa ya ce masa. Amma kada a ɗauka komawa ga majarin ita ce mafita ko yaushe. Shekara da shekaru ana yin waɗansu nau'o'insa ta hanyar daskarar da man itatuwa, wadda ke haifar da wani irin kitse mai cutar da jijiyoyin zuciya, har a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe su kawar da irin wannan kitse daga abinci. Maganin abin shi ne a san lokacinsa. Masu shi ba kullum su ke ci ba, abin biki ne, kuma in ki ka je gidan Bagirke guda ɗaya za a sa miki a ɗan faranti, da ƙaramin kofin gahawa da ruwan sanyi a tambulan. Mu ne ke son a cika mana tire.

To, ga yadda za ki yi, da awon gwangwanin madara ƙarami tun da ba kowa ke da sikeli ba. Soyayyen man shanu giram 250, watau gwangwani ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya. Garin sukari gwangwani ɗaya. In ba ki sami na kanti ba ki daka naki a turmi mai tsabta, wanda bai ga barkono ba, ki tankaɗe da rariyar laushi sau biyu. Gwaiduwar ƙwai ɗaya, ban da farin. Fulawa kamar gwangwani biyar, a tankaɗe ta da rabin ƙaramin cokali na bekin foda. Matan Girka na da, kafin bekin foda ya zo, ruwan toka su ke tacewa su ɗiga, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Sai almon, wanda Larabawa ke kira lauz, gwangwani ɗaya da rabi, a soya shi sama-sama ba mai har ya yi ƙamshi, a bari ya huce, a farfasa shi manya-manya, kada a mai da shi gari.

Almon yana da tsada, na sani. A nan kam na yarda a yi sauyi. Ki sa yazawa, ko gyaɗa soyayya da aka murje ɓawon. Ɗanɗanon zai ɗan kauce daga na Girka, amma laushin yana nan, wanda shi ne ainihin abin. Haka kuma za ki ga littattafai da yawa sun ce a zuba cokali biyu na burandi ko wata giyarsu mai suna uzo. Ki tsallake wannan layin ba tare da wata damuwa ba, ki sa cokali ɗaya na ruwan lemon zaƙi ko na wardi da ɗan banila. Biskit ba zai san an yi ba.

Aikin gaske yana wajen bugu. Dole mai ya kasance a daskare, mai laushi kamar man kaɗanya, ba narkakke ba. Wannan ita ce wahalarmu a nan, domin a watan Afrilu man shanu ba ya daskarewa da kansa. Mai firji ta sa shi ya ɗan kama jiki. Wadda ba ta da shi ta yi aikin da sassafe, ta ɗora kwanon a cikin wani babba mai ruwan randa, ko kuwa ta jira hunturu, wanda dama shi ne ya yi daidai da lokacin da masu abin ke yin nasu. Ki haɗa mai da sukari ki yi ta bugawa har ya tashi daga rawaya ya koma fari, ya yi sakayau kamar kumfa. Da na'ura minti 15 zuwa 20 ne. Da muciya ko ludayin katako kuwa ki shirya wa rabin sa'a ko fiye. Kada ki yi wa wannan mataki ha'inci, domin iskar da ki ke shigarwa ita ce ke sa biskit ya yi sauƙi a baki. A nan ne 'yammatan gida ke da amfani, a riƙa karɓa-karɓa ana hira, in hannun wannan ya gaji waccan ta karɓa.

In ya yi fari sai ki sa gwaiduwa da ruwan lemon ki ƙara bugawa kaɗan, ki zuba almon. Daga nan ki ajiye muciya. Fulawa da hannu a ke sa ta, kaɗan-kaɗan, ana juyawa a hankali kamar ana tsoron tashin jariri. Kada ki kirɓa, kada ki murza. Da zarar ƙullun ya daina manne wa hannu, ki ka iya dunƙula shi bai tsage ba, to ki tsaya, ko da fulawar ta rage. Fulawa ba duka ɗaya ba ce, hannunki ne alƙali. Ki gutsura kamar girman ƙwan zabuwa, ki mulmula ki ɗan danna tsakiya da yatsa, ko ki lanƙwasa shi kamar jinjirin wata. Waɗansu Girkawa kan soka kanumfari guda a tsakiyar kowanne. Wannan awo zai ba ki kamar guda talatin.

A obin, wuta matsakaiciya ce, digiri 170, minti 20 zuwa 25. Ba a so ya yi ja. Samansa ya tsaya fari-fari da 'yar tsaga, ƙasansa ne kaɗai zai ɗan yi launin ƙasa. Wadda ba ta da obin kada ta karaya. Har cikin ƙarnin da ya wuce gidaje da yawa a Girka ba su da shi, mata kan jera biskit a manyan farantai su ɗauka su kai gidan burodin unguwa a gasa masu su biya ladan wuta, kowace ta yi wa farantinta alama don kada a musanya. Ke ma kina iya yin haka in kina da gidan burodi kusa, sai dai ki roƙi mai tanderu ya sa miki bayan ya gama burodi wuta ta lafa. In ba haka ba ki yi irin dabarar da mu ke yi wa kek, watau babbar tukunya mai kauri da yashi a ƙasa, a ɗora faranti a kan duwatsu uku, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Ki fara gwada guda uku ki ga halin wutarki kafin ki sa sauran.

In ki ka sauke kada ki taɓa shi da zafi, zai ruguje a hannunki. Ki bari ya sha iska, sa'an nan ki yayyafa masa ruwan wardi da yatsu, yayyafi kawai ba jiƙawa ba, kuma ki tabbata na ci ne ba turaren shafawa ba. Sai ya huce sarai za ki tankaɗa masa garin sukari, kamar gwangwani biyu ko uku ban da wanda ya shiga ƙullu. In ki ka yi gaggawa ki ka zuba da zafi, sukarin zai narke ya zama danƙo mai launin toka. Ki shimfiɗa sukari a ƙasan faranti, ki jera, ki tankaɗa, ki ɗora wani jeri a kai ki sake tankaɗawa, har ya tashi kamar ɗan tudu. Ya fi daɗi in ya kwana, kuma a gwangwani mai murfi ya kan yi mako biyu ko uku bai sake ba, muddin ba a sa hannu mai ruwa ba.

Ke kuma 'yata mai wasiƙa, ki kai wa mahaifiyarki wannan shafi ki karanta mata, ki roƙe ta ta ba ki dama sau ɗaya tak. Ki yi rabin awon da na faɗa don kada asarar ta yi yawa in an sami kuskure, ki bar ta ita ta zaɓo miki man shanun, domin ta fi ki sanin na kirki. In za ki miƙa wa Baba nasa, ki gaya masa kada ya ja numfashi lokacin da zai ciza, kuma kada ya ci da babbar rigarsa mai duhu. Ina jiran wasiƙarki in ji yadda aka ƙare da ƙannen nan naki masu dariya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.